Huɗu Mai Ɗan Tauraro

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jera lambobi a gidan jarida, kuma duk tsawon wannan lokaci shafi ɗaya ne nasa, shafi na tara, inda ake buga farashin hannun jarin kamfanoni. Da ya fara aiki da haruffan ƙarfe ake jerawa, mutum ya tashi hannu baƙi ƙirin. Da ya bari kuwa an daɗe da komawa kwamfuta. Amma shafin bai canja masa ba, shi ma bai canja wa shafin ba. Tun abokan aiki na cewa “kai wa mai shafi na tara” har suka gaji da tsawon maganar suka koma kiransa Shafi Tara. Sunan ya bi shi gida, ya bi shi kasuwa. Jikokinsa ma da suka fara magana Kaka Tara suke ce masa, yana amsawa da fara'a, don a ganinsa babu sunan da ya kai wannan daraja.

Gajere ne, siriri, da fensir a bayan kunne da tabarau biyu, na tafiya da na karatu. In kana neman mutumin da zai yi maka gyara a tsakiyar gaisuwa, to ka same shi. Ka ce masa yau kwana goma rabonka da ganinsa, zai ce sha ɗaya. Amma a ba shi haƙƙinsa. A duk shekarun nan sau biyu kacal aka taɓa kama kuskure a shafinsa, kuma har gobe yana rantsuwa na biyun ba nasa ba ne. Sirrin abin shi ne ba ya sa hannu a shafi sai ya ɗauko asalin takardar da aka aiko daga kasuwar hannun jari ya gwada, lamba bayan lamba, yatsa ɗaya nan yatsa ɗaya can. Ko injin buga jarida na jira, ko edita na tsaye a kansa yana huci, sai ya gwada da asali.

Shekarunsa uku na farko bai san ma'anar abin da yake jerawa ba, kuma bai damu ba. Sai wata rana editan labaran kasuwanci, yana jiran a kawo masa shayi, ya rasa abin yi, ya ɗora yatsa a layi na shida na shafin, wanda ya sauko daga sama har ƙasa.

“Ka san wannan?” in ji edita. “Ka ɗauki farashin hannun jari ɗaya, ka raba da ribar da hannun jarin nan ya samo a shekara. In ana sayar da shi sittin, ribarsa biyar, amsa sha biyu. Wato in riba ta tsaya yadda take, shekara sha biyu za ka jira kafin ta biya abin da ka zuba. Lamba ƙarama, kaya da araha. Lamba babba, kaya da tsada. Sai dai kuma akwai...”

A daidai nan shayi ya iso. Edita ya ɗauki kofinsa ya wuce, bai ƙarasa “sai dai” ɗin ba, Shafi Tara kuma bai bi shi ya tambaya ba. Abin da ya ji ya ishe shi, ya ishi iyalinsa, ya ishi unguwarsu gaba ɗaya har shekara talatin da huɗu.

Matarsa ce ta fara ɗanɗana. Ta ce a sayo firiza ta riƙa sayar da ƙanƙara. Ya zaro fensir, ya tambaye ta ƙullin ƙanƙara nawa za ta sayar a rana, ya cire kuɗin wuta, ya raba, ya sami shekara biyu da rabi. A makon aka kawo firiza. Ganin haka ta ɗauka ta samu hanya, ta ce kujerun falo sun mutu, a sake su. Ya sake zaro fensir.

“Kujera me take samowa a shekara?”

“Zama ake yi a kanta, Malam.”

“To babu ke nan. Ba a raba lamba da babu.”

Har yau ɗaya daga cikin kujerun nan a kan bulo take tsaye, kuma baƙon da ya san gidan ba ya zama a kanta. Matar kuwa ba ta da yawan magana, amma in ta yi tana kai wa inda ta nufa. Wata rana yana raba kuɗin sabon labule da babu, ta ce masa, tana ninke wanki ko ɗago kai ba ta yi ba:

“Ni ma fa na koyi rabawar nan taka. Na ɗauki abin da na zuba a kanka, na raba da abin da nake samu.”

“Nawa ya ba ki?”

“Fensirin ne ya ƙare.”

Akwai wani abu guda da dole a faɗa a kan shafi na tara. Can ƙasansa, bayan lambobi sun ƙare, akwai wasu ƙananan rubuce-rubuce, sirara kamar sawun tururuwa. In aka sa ɗan tauraro kusa da wata lamba, to bayaninta na can ƙasa. Wannan ɓangare ba Shafi Tara ke jera shi ba. Wani dogon mutum ne mai yawan atishawa, wanda ake kira Ƙasan Shafi. Teburansu na kusa da juna, fanka ɗaya ce a tsakaninsu, kuma a kan fankar nan suka ɓata. Shafi Tara na son ta tsaya tana kallonsa, Ƙasan Shafi na son ta riƙa juyawa. Magana ta yi magana, aka kai ga ambaton gajarta da tsawo. Daga ranar suka shekara sha tara ba ko gaisuwa, kuma Shafi Tara ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara karanta harafi ɗaya da ya fito daga hannun mutumin nan ba. Mutumin ya yi ritaya, daga baya ya rasu. Shafi Tara ya je ta'aziyya, ya zubar da hawaye na gaskiya, don ashe ya saba da atishawar. Amma ido ya riga ya horu. In ya kai lambar ƙarshe sai ya tsaya cak, ba ya gangarawa ƙasa.

Da lokacinsa ya yi aka sallame shi da agogon bango da takardar yabo da kuɗin sallama. Agogon ya rataye, takardar ya sa a firam, kuɗin kuwa ya kai banki ya hana kowa ko kallonsu. Yana da buri a kansu, buri ɗaya tak, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Shekara talatin da ɗaya yana jera dukiyar mutane, bai taɓa mallakar hannun jari ko ɗaya ba, don albashi na shigowa kuɗin makarantar yara biyar na tsaye a bakin ƙofa. Yana so kafin ya mutu ya buɗe shafi na tara ya ga layin da yake da rabo a ciki. Sharaɗinsa biyu: kamfani ya zama na kirki, wanda ido zai gani hannu ya taɓa, sannan lambarsa a layi na shida ta sauko ƙasa da biyar. Shekara shida yana jira. Waɗanda suka sauko ƙasa da biyar duk ya san su, kamfanoni ne masu numfashi sama sama. Na kirkin kuma sun ƙi saukowa.

Kullum da safe yakan sayi jarida ya tafi shagon amininsa mai gyaran agogo, ya zauna a benci. Shafukan farko yakan ba duk mai so, ya riƙe na tara. Nan mutanen unguwa ke samunsa da tambaya, malaman makaranta, direbobi, matan da suka tara ɗan abin hannunsu. Kowa ya ambaci kamfani, sai ya bi layi da fensir, ya girgiza kai.

“Sha bakwai. Da tsada.”

Mai askin da ke shagon gefe ya taɓa jin wannan hukunci a kan wani kamfanin siminti, ya yi kunnen ƙashi ya saya a sha huɗu. Bayan shekara uku ya sayar, ya ƙara kujerar aski ta biyu da babban madubi. Tun daga nan Shafi Tara bai huta ba.

“Malam Tara,” yakan ce daga bakin ƙofa, almakashi a hannu, “kai fa irin mai sayar da tikitin jirgi ne. Kowa ka sallama ya tafi, kai ko matakalar ba ka taɓa takawa ba.”

Shafi Tara yakan yi murmushi ya ce mai haƙurin jira ne ke sayen araha. Amma maganar tana ci masa rai, sosai ma. Wani lokaci yana tafiya gida shi kaɗai sai ya ji yana ba mai aski amsa a zuci, amsar da ba ta zo masa a kan lokaci ba.

Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce ta gado shi wajen lissafi da taurin kai. Ta karanci kwamfuta, ta sami aiki a wani kamfanin fasaha mai manhajar waya da ke haɗa masu manyan motoci da masu kayan da za a ɗauka. Ranar da ta zo gida da takardar ɗaukar aiki, uwarta ta rungume ta, yayyenta suka yi ta kira a waya. Uban kuwa ya sa tabarau na karatu ya buɗe shafi na tara.

“Casa'in da huɗu,” ya ce. “Farashi ɗari da tamanin da takwas, riba biyu. Auta, wanda ya sayi wannan, tattaɓa-kunnensa ne zai je karɓar canji.”

“Baba, ba haka ake kallon irin namu ba. Mutane ribar gobe suke saye. In riba na ninkawa duk shekara, lambar da kanta za ta sauko. Kuma ba a gwada mu da kamfanin siminti, sai da ire-irenmu.”

“Ni ban taɓa jera gobe ba. Jiya ake aiko mini, jiya nake jerawa. Kuna da mota ko ɗaya?”

“Ba mu da mota.”

“Kayan da ake ɗauka naku ne?”

“A'a, Baba.”

“To iska kuke sayarwa.”

Shekara huɗu yana kiran wurin aikinta kamfanin iska. In ta zo hutun ƙarshen mako daga gidan yayarta, inda take zaune don ya fi kusa da ofis, gaisuwarsa ita ce, “Yaya iska, tana kaɗawa?” Shi a wurinsa wasa ne. Bai lura ba cewa tun a shekarar farko ta daina ba da labarin aiki in yana falo, ko da aka ƙara mata matsayi a kicin ta faɗa wa uwarta. Abu ɗaya kawai yake girmamawa game da kamfanin, shi ne gininsu. Ya taɓa wucewa ta gabansa a bas, ya ƙirga hawa goma sha ɗaya, duk gilashi, ya sake ƙirgawa kafin bas ta sha kwana. Ya gaya wa mai agogo cewa ko iska suke sayarwa, sun dai sami wurin ajiye ta.

Wata ranar Talata ya zauna a benci kamar kullum, ya raba wa jama'a shafukan siyasa da na wasanni, ya bi layi na shida da fensir. Da ya zo kan kamfanin iska sai fensir ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. Ya canja zuwa na tafiya, ya dawo na karatu. Daga nan ya miƙa hannu, mai agogo ya ɗora masa ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo.

Huɗu. Farashi ɗari da ashirin, riba talatin. Ya raba a gefen jarida, huɗu. Ya raba a bayan rasit, huɗu. Ya ba mai agogo ya danna a waya, huɗu dai.

Mai agogo ya karɓi gilashinsa ya leƙa.

“Wannan ɗan tauraron da ke gefenta fa?”

“Kwalliya ce ta mutanen ƙasan shafi,” in ji Shafi Tara. “Ba su da aiki sai yayyafa taurari.”

Ya tashi, ya je har ƙofar mai aski, abin da bai taɓa yi ba sai in aski ya kawo shi, ya ce masa ya tanadi bakinsa zuwa jibi. Daga nan ya kira Auta. Bai bari ta gama gaisuwa ba.

“Auta, na janye maganata. Kin ji? Ubanki ya janye. Daga biyun da riba ta daɗe a kai zuwa talatin a shekara ɗaya, wannan ba iska ba ce, aiki ne. Ashe ke kika ga abin da ban gani ba. Duk cikin 'ya'yana ke kika iya zaɓen wurin aiki. Allah Ya yi miki albarka, sannunku da ƙoƙari, ke da abokan aikinki duka.”

Shiru ya yi tsawo a wayar har ya duba ko ta katse.

“Na gode, Baba,” ta ce, murya ƙasa ƙasa. “Akwai maganar da nake so mu...”

“Ki riƙe ta. Ni ma ina da tawa, kuma tawa ta fi taki daɗi. Sai na zo da ita a rubuce.”

A gida ya sa aka fito masa da rigarsa ta zuwa manyan wurare. Matarsa na goge ta yana zagaye falo yana bayani, har ya yi alkawarin in riba ta fara shigowa za a duba maganar kujeru. Ta saurare shi har ya gama. Ta juya hannun rigar, ta danna dutsen guga.

“Ka yi magana da yarinyar nan?”

“Na yi. Ta yi murna har ta kasa magana.”

“Hmm. To ka gwada da asali?”

“Wane asali? Ga shi a jarida.”

“Ni dai na san wani mutum da ya ce jarida kwafi ce.”

Ya ce mata ta tsaya a kan ƙanƙararta. Amma maganar ta shiga, ta sami wuri ta zauna.

Washegari ya je banki, aka rubuta masa cak na kuɗin sallamarsa gaba ɗaya, ya sa a aljihun ƙirji ya maƙale da fil. Daga nan sai ofishin dillalan hannun jari, wurin da ya shekara talatin yana wucewa ta ƙofarsa bai taɓa turawa ba. Sanyin ciki ya buge shi. Wata budurwa mai fara'a ta ba shi kujera da fom, ya cike da rubutunsa mai kyau, harafi bayan harafi. Da ta ga sunan kamfanin da yawan kuɗin sai ta ɗan gyara zama.

“Baba, duka a nan za ka zuba? Ka dai lura da tauraron da ke jikin lambar ko? Don ribar nan ta bana...”

“'Yata,” ya katse ta cikin ladabi, “ina jera wannan layin tun mahaifinki na firamare.”

Ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ta nuna masa inda zai sa hannu, ta ce kasuwa na rufewa ƙarfe biyu da rabi. Ya ɗauki biro. Ya ɗora bakin biron a kan layin. Hannu ya ƙi. Ba tsoro ba ne, kuma ba shakka ba ce, don shi a ransa ya gama saye. Hannun ne kawai bai taɓa sa hannu a takardar da ba a gwada da asali ba, kuma bai ga dalilin da zai fara yau ba. Ya ji haushin matarsa, ya ji haushin hannun. Ya duba agogo, sha biyu da rabi. Ginin kamfanin titi huɗu ne daga nan. Ya ninke fom ya ce yana zuwa, zai je ya dubo kayansa.

Tun daga nesa ya hango benen yana walƙiya, zuciyarsa ta yi fari. Wasu mutane biyu na lilo da igiya can sama suna kwance manyan haruffan sunan kamfanin. Ya gyaɗa kai. Wanda ribarsa ta ninka sau goma sha biyar ai dole ya sake allo, a sa mai girma. A bakin ƙofa ga babbar mota ana loda mata kujeru da tebura, wasu ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Ya sake gyaɗa kai, ya ce a ransa ga mutanen da suka isa su sake kujeru. Har ya tsaya ya gargaɗi masu lodin su yi a hankali da wani tebur, da muryar mai rabo a ciki.

Ya gaishe da mai gadi ya ce wurin 'yarsa ya zo, a hawa na tara take.

“Babu su a tara yanzu, Baba. Hawa na uku, ɓangaren hagu. Sauran duk na masu otal ne.”

“Wane otal?”

Kafin mai gadi ya amsa, ƙofar lif ta buɗe. Mutum bakwai ko takwas suka fito, matasa, kowa rungume da kwali, ba mai magana da wani. Ta ƙarshensu Auta ce. Ta gan shi da rigar zuwa manyan wurare, da jarida a hammata, da fil a aljihu. Ta tsaya har lif ya rufe a bayanta.

“Baba.”

“Na zo duba kamfaninmu,” ya ce, amma muryar ba ta fito yadda ya shirya ta ba.

Ta kai shi wani dakalin siminti a gefen ƙofa, inda inuwar benen ta faɗo. Ta ajiye kwalin a tsakaninsu. Ta zare jaridar daga hammatarsa, ta buɗe shafi na tara, ta ɗora yatsa a kan tauraron, sannan ta ja yatsan a hankali har ƙasa, ta wuce lambar ƙarshe, ta shiga inda bai taɓa shiga ba.

“Rubutun ya yi ƙanana,” ya ce.

“Bari in karanta maka. ‘Ribar ta haɗa da kuɗin sayar da ginin hedikwatar kamfanin, ashirin da bakwai a kan kowane hannun jari.’”

Layi ɗaya ne, ko rabin faɗin shafi bai kai ba. Ya ɗaga kai ya dubi benen. Mutanen igiya sun sauke harafi na uku.

“Sau ɗaya ake sayar da bene, Baba. Baɗi babu wani.”

Ya zaro fensir daga bayan kunne, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba in ba wannan ba. Ya fito da fom ɗin dillalai, ya kifa shi a kan kwalinta, ya rubuta talatin, ya cire ashirin da bakwai. Saura uku. Ɗari da ashirin a raba da uku. Ya daɗe yana kallon amsar, ko da yake ɗan aji uku ma zai ba da ita.

“Arba'in,” ya ce. Ya yi gyaran murya. Mutum ne da ba ya son a bar shi babu abin kamawa. “To amma dai daga biyu zuwa uku ci gaba ne. Ba a raina ba. Wani ya yi ƙoƙari a nan.”

“An yi ƙoƙari. Farkon shekara aka sallami mutum ɗari biyu. Albashinsu ne ɗayan da ka ga ya ƙaru.”

Sai a lokacin ya dubi abin da ya ɗora takardarsa a kai. Kwalin takardun firinta ne, an ɗaure shi da wayar caja.

“Wannan kuma fa?”

“Mu ne kashi na biyu. Yau ce ranarmu ta ƙarshe.” Ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ido ba. “Namu sai a lissafin baɗi zai fito. Lambar za ta ƙara kyau.”

Motar kujeru ta tashi, ta bar musu hayaƙi. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani, ta ce sati uku ke nan da ba ta takarda, uwarta ta sani, yayarta ta sani.

“Ni kaɗai ne bare?”

“Jiya na yi niyyar gaya maka. Sai na ji kana yabon aikina.” Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin wayar cajar. “Shekara huɗu ban taɓa ji ba, Baba. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya da shi.”

Kunya ta kama Shafi Tara, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da aka kama kuskurensa na farko a gaban ma'aikata duka. Ya so ya ce wani abu. Duk maganganun da ya iya na gyara ne, kuma babu abin gyarawa a cikin abin da ta faɗa, ko waƙafi. Ya mayar da fensir bayan kunne, ya kuskure kunnen, fensir ya faɗi ƙasa. Ita ta ɗauko masa.

Ya miƙe ya ɗauki kwalin kafin ta kai hannu. Ta ce ya bari, ba nauyi. Gaskiya ta faɗa. Ta gefen murfin ya hango abin da ke ciki: kofin shayi, rigar sanyi, takalmi mara tsini na zama a ofis, da wani ɗan littafi. Aikin shekara huɗu ke nan. Ya rungume shi da hannu biyu, ya ce su tafi.

Hanyar tashar bas ta gaban ofishin dillalai take bi. Suna isowa ƙafarsa ta rage sauri da kanta. Ta cikin gilashi ya hango budurwar nan a teburinta, kujerar da ya tashi daga kai har yanzu babu kowa, biron na nan inda ya ajiye shi. Cak ɗin kuɗin na aljihunsa, fom a cike. Yana son abin nan, ba zai yi wa kansa ƙarya ba, ya so shi tun yana da baƙin gashi. Kuma ya san gobe mai aski na jiransa a bakin ƙofa da almakashi.

Auta ta bi idonsa da kallo. Ta share hanci, ta yi ƙoƙarin tsokanarsa yadda suka saba.

“Saura minti ashirin a rufe, Baba. Arba'in ma ai ta fi casa'in da huɗu araha.”

Ya ɗan ƙara tsayawa. Sannan ya gyara riƙon kwalin, ya ɗaga shi har ƙirji yadda ya rufe aljihun.

“Ba ki ga ina ɗauke da kaya ba?” ya ce. “Wuce mu je, uwarki na jira.”